Maballin 'Yar Magajiya

Mahaifiyarmu ita ce magajiyar matan layinmu a Moshi Zongo, cikin garin Tamale, kuma tun kafin in yi wayo kayan ƙungiyarsu a gidanmu suke. Ɗakin da ke kusa da zaure cike yake da su: manyan tukwanen ƙarfe da muke kira dadesan, da kujerun roba da aka ɗora bisa juna har suna taɓa silin, da kanofi a naɗe a jikin bango. Duk mai aure ko suna ko sadakar mamaci nan take zuwa aro. Mma, haka muke kiranta, a ka take riƙe wadda ta ari kaza da ranar da za ta dawo da shi, kuma shekara da shekaru kanta bai ba ta kunya ba. Amma gari ya yi ta faɗi. Matan ƙungiya suka aurar da 'ya'yansu zuwa unguwannin Choggu da Vittin, 'ya'yan suka ci gaba da aikowa aro daga can ta waya. Wata Asabar mata biyu suka iso ƙofar gidanmu, kowace ta ɗauko mai motokin, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, kowace ta zo ɗaukar babban dadesan, kowace ta ce Mma ta yi mata alkawari. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Aka yi cacar baki a gaban maƙwabta, daga ƙarshe ɗaya ta tafi da tukunya, ɗayar ta tafi da fushi.

Bayan sun watse na ga Mma zaune a kan turmi ta yi tagumi. A lokacin na dawo daga Kumasi da digirin ilimin kwamfuta, ina aiki a wani ƙaramin ofis a Vittin inda muke yi wa makarantu da shaguna manhajoji. Na durƙusa kusa da ita na ce zan yi wa ƙungiya manhajar waya, abin da kowa a nan ke kira af, wadda mace za ta buɗe ta ga abin da ke ɗaki da abin da ya fita, ta danna ta ajiye wa kanta. Mma ta dube ni ta ce in dai ba za a sake yi mata irin ta yau ba, in yi.

Watanni na yi a kan aikin, ranakun Asabar da Lahadi, da ɗan lokacin da nake samu a ofis in oga ya fita. Wahalarsa duk tana inda ido ba ya gani. Idan mace tana Choggu, netwok ya ɗauke tana tsakiyar ajiye kanofi, dole in tabbatar saƙonta bai ɓata ba, kuma bai iso sau biyu ba. Idan mata biyu suka danna tukunya ɗaya kusan lokaci guda, dole in san wadda ta riga. Wayoyin matan kuma mafi yawansu tsofaffi ne, waɗanda 'ya'ya suka gaji da su suka miƙa wa iyaye, cike da hotunan jikoki. Duk waɗannan na warware su ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗin kaina. Maballan da za a danna kuwa ban tsaya yi musu tunani ba. Na yi su shuɗi, masu kusurwa huɗu, na rubuta “Ajiye” a kan kowane, na wuce.

Ranar gwaji Mma ta tara mata a tsakar gida bayan La'asar. Na sa wa kowace af ɗin a wayarta, na yi bayani da Hausa, na maimaita da ɗan Dagbancin da na iya saboda wata Hajiya mai sayar da man kaɗe. Ita Hajiyar ce ta fara gwadawa. Ta danna maballin tukunya, ta jira. Maballi ya zauna yadda yake, shuɗi, bai motsa ba. A can ciki saƙonta ya riga ya tafi, amma ita ba ta da hanyar sani. Ta sake dannawa, ta sake, sannan ta goge yatsanta a zani ta danna da ƙarfi har farcenta ya yi fari. Ta miƙo mini wayar ta ce wannan abu ba ya ji.

Na ce mata ya ji, ta ɗan dakata za ta ga amsa. Amsar ta zo kuwa, amma kafin nan wata ta danna kanofin da na riga na ajiye don gwaji, shi ma maballinsa shuɗi ne kamar sauran, ta yi ta dannawa yana ƙi. Mata suka fara hira a tsakaninsu kan wani aure da ke tafe. Ba wadda ta ce aikina bai yi ba. Sun sha sobolo, wato zoɓo, suka yi mini fatan alheri, suka tafi. Mma ta tattara kofuna.

Wadda ta raba sobolon ita ce ƙanwata, autarmu. Ta gama karatun zane a kwalejin fasaha ta nan garin, tana zaune a gida tana yi wa mutane katin aure da fostar saukar karatu a kan tsohuwar laftof ɗin da na bar mata. Washegari da safe ina shan koko ta zo ta zauna a gefen tabarma, ta ce ta lura da hannun Hajiya jiya. Ta ce mutum in ya yi sallama yana son a amsa, ko da ba a fito ba tukuna. Sai ta tambaye ni ko akwai hanyar da maballi zai canza launi yayin da yatsa ke kansa.

Na ce akwai, abu ne mai sauƙi, ba shi ne aikin ba. Ta ce to in nuna mata. Na buɗe laftof na nuna mata ɗan fayil ɗin da ake rubuta bayan maballi a ciki, na ce a nan ake jera halayensa: launinsa in an danna shi, launinsa in an kulle shi, launinsa in an kai kansa ba a danna ba tukuna, da launinsa in yana zaune ba wanda ya taɓa shi. Na bar ta da shi na tafi aiki.

Da na dawo na same ta ta haɗe rai. Ta rubuta komai daidai, ta zaɓi launuka, amma maballi ya ƙi canzawa. Kallo ɗaya na yi na ga matsalar. Ta sa launin zama a sama. Na gaya mata waya daga sama take karanta fayil ɗin, ta ɗauki na farkon da ya dace. Launin zama kuwa ya dace da kowane hali, don haka in yana sama waya ba za ta ƙara duba na ƙasa ba. Na ɗauke shi na mayar ƙarshe. Ta danna, maballi ya yi duhu a ƙarƙashin yatsanta, ta ɗaga ya koma. Ta yi dariya ta ce, “Yaya, Allah ya ƙara basira.” Ina tuna wannan sosai, domin daga baya na sha maimaita wa kaina cewa ni na koya mata.

Abin da ta yi a kwanakin da suka biyo baya ban ɗauke shi da muhimmanci ba sai da na ga sakamakonsa. Ta cire shuɗina ta sa kore irin na ɗanyen ganyen kuka, ta lanƙwashe kusurwoyin. In an danna, koren ya koma mai duhu, inuwar da ke ƙarƙashinsa ta ɓace, sai ka ga kamar ya lotsa ciki. In kaya ya fita, maballinsa ya zama ruwan toka, amma ta ƙi yarda rubutun ya dusashe, ta ce mace tana da haƙƙin karanta abin da aka hana ta. Da tsakar rana takan fita tsakar gida da wayar Mma mai fasasshen gilashi, ta tsaya cikin rana tana dubawa, domin ta ce matan nan a kasuwa suke buɗe waya, ba a ɗaki mai labule ba. Koren farko da ta zaɓa rana ta cinye shi, ya zama ba a bambanta shi da ruwan tokan. Ta canza, ta sake fita. Ta bi Hajiya mai man kaɗe har rumfarta ta sa ta danna da yatsa mai maiƙo. Hali na ukun nan, na maballin da aka kai kansa ba a danna ba, na ce mata ta bar shi, ba mai bukatarsa a layinmu, sai masu amfani da kibod maimakon taɓa gilashi, ko makafi masu sa waya ta karanta musu. Ta ce to, amma duk da haka ta zagaye shi da wani siririn layi mai haske.

A gwaji na biyu matan da suka zo sun fi na farko yawa. Hajiya ta danna, maballi ya lotsa ya yi duhu, ta ce, “A'a, yau ya amsa.” Ta nuna wa ta kusa da ita. Nan da nan tsakar gida ta cika da mata suna dannawa suna ɗagawa, wasu ba su da abin da za su ara, kallon lotsawar kawai suke. Wata ta ga kanofi ya yi toka, ba tare da an gaya mata ba ta ce wannan ya fita ke nan. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin kaya ina jiran tambayoyi, amma ba wadda ta waiwayo. Sai na ji Mma tana gaya wa wata baƙuwa, da irin muryar da take yi in tana so na nesa su ji, cewa aikin autarta ne.

Ƙanwata ta yi maza ta ce ba ita ba ce, Yaya ne ya gina komai, ita launi kawai ta sa. Matan suka ce ka ji yarinya mai ladabi. Haka abin ya ci gaba da kasancewa. Duk lokacin da ta mayar da yabon kaina, sai a ƙara mata wani na kunya da girmama na gaba. Kafin wata ya zagayo sunan ya zauna, daga Moshi Zongo har Choggu: af ɗin 'yar Magajiya.

Ban taɓa sanin ina da kishi irin wannan ba. Da a ce wani baƙo ne, da na zage shi a zuci na huta. Amma yarinyar da na goya ce, wadda nake rakawa makarantar allo. Mai ƙosai ta bakin layi ta ƙara mini ɗaya ta ce in kai wa ƙanwata mai ƙwaƙwalwa. Na cinye shi a hanya. Mma ta daina tuƙa moto, wato babur, saboda gwiwa, ni nake kai ta unguwa, kuma tana bayana take ba ni labari kusa da kunne, yadda wance ta ce koren nan yana sanyaya ido, yadda wance ta ce tun da aka yi abin ba a sake faɗa kan tukunya ba. Ni na san dalilin da ya sa ba a sake faɗa ba, kuma ba kore ba ne. Na so in tsayar da moto a gefen titi in yi mata bayanin abin da ke faruwa in mata biyu suka danna lokaci guda. Amma ta yaya mutum zai tsayar da mahaifiyarsa cikin rana don ya roƙi yabo? Sai in ce haka ne, in ƙara wuta.

In af ɗin ya sami matsala kuwa, ni ake nema. Wata rana ina ofis Mma ta kira ta ce abin nan naka ya tsaya. Na lura da kalmar. In yana tafiya na auta ne, in ya tsaya nawa ne. Na gyara, ba wani abu ba ne, wayarta ce ta cika da bidiyon wa'azi. Da yamma na tarar da ƙanwata ta dafa mini tubani da yaji yadda nake so, ta ajiye a ɗakina. Ta san abin da ke damuna, kuma sanin nata ya ƙara mini haushi. Na ci, na ce gishiri ya yi yawa, alhali daidai yake.

Abin da ya raba hanyarmu ya faru ne a wani aure a Choggu. 'Yar wata 'yar ƙungiya ake aurarwa, kayanmu duka aka kwashe, ni kuma na bi motokin don in tabbatar an sauke kujeru lafiya. Mata sun yi yayi, wato anko, atamfa iri ɗaya ruwan hoda, ana ta kiɗa. Ina ɗauke da kujeru a ka na hango Mma tana nuna wa wani mutum wayarta. Kawun ango ne, ya zo daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, kuma na ji an ce a wani kamfanin manhajoji yake aiki. Na sauke kujerun na matso. Mutumin ya danna maballi, ya ɗaga, ya karkata wayar zuwa rana. Sannan ya shiga saitin wayar ya kunna abin nan da ke karanta wa makafi, ya zaga da yatsa, siririn layin mai haske ya fito ya kewaye maballin. Ya ɗago kai ya tambayi Mma wa ya yi wannan.

Tsakanina da su bai fi taku kaɗan ba, gumi ya jiƙa mini riga, zanen ƙafar kujera yana goshina. Mma ta waiga ta wuce ni da ido, ta aika a kira auta. Ƙanwata ta zo cikin yayinta, ta gaishe shi, kuma kamar kullum ta nuna ni ta ce yayanta ne ya gina af ɗin. Mutumin ya ba ni hannu da fara'a, ya ce aiki ya yi kyau, ya tambayi inda na yi karatu. Sai ya ce masu iya abin da na iya suna da su da yawa, wadda za ta tsaya cikin rana don tsohuwa ta ga maballi ita suke nema. Bai faɗa da mugunta ba. Ya juya wajenta suka ci gaba da magana, wani kuma ya kira ni daga baya ya ce akwai sauran kujeru a motokin.

Daga baya mutanen kamfanin suka ce suna son ta da aiki, amma za su fara yi mata tambayoyi ta bidiyo. Ta zo ta same ni ta ce tana tsoro, ba ta san komai ba bayan launi, in taimaka mata. Na taimaka. Duk yammacin da na dawo aiki sai mu zauna a zaure in yi mata tambayoyin da nake zaton za a yi mata, in gyara mata amsa. Ina koya mata da gaske, ban ɓoye komai ba, amma wani ɓangare na zuciyata yana fatan su tambaye ta abin da ban koya mata ba. Ranar tambayoyin aka ɗauke wuta, na ɗauke ta a moto na kai ta ofishinmu, na roƙi oga ya bar mata ɗakinsa, na tsaya a waje ina jin muryarta ta bango tana rawa da farko, daga baya ta daidaita. Suka ɗauke ta aiki.

Ni na kai ta tasha. Mma ta yi kuka, ta cika mata jaka da daddawa da kuɓewa busasshiya kamar babu kasuwa a Ankara. Da za ta hau bas ƙanwata ta riƙe hannun rigata ta ce, “Yaya, ka yafe mini.” Na ce me ta yi mini. Ta ce ba ta sani ba, amma in yafe. Na ce ta shiga kada a cinye mata kujerar taga.

Bayan tafiyarta damina ta sauka, netwok ya lalace a gefen Choggu. Mata suka fara wani sabon ƙorafi. In sun danna maballi yana lotsawa, amma da sun ɗaga yatsa sai ya koma kore kamar ba a yi komai ba, alhali saƙo yana hanya yana jiran netwok. Ana bukatar wani hali na daban, na maballin da ya karɓi saƙo amma amsa ba ta dawo ba. Mma ta ce in kira auta. Na ce to, ban kira ba. Na zauna na yi da kaina, kuma na ba shi lokacin da ban taɓa ba wa launi ba. Na gwada ruwan goro, ya yi kama da gargaɗi, kamar an yi laifi. Na gwada rawaya mai haske, rana ta cinye ta. Daga ƙarshe na tsaya a kan ruwan ɗorawa, na rubuta “Ana jira” a kansa, na hana shi karɓar danna na biyu. Na fita tsakar gida da wayar Mma na tsaya cikin rana kamar yadda na ga ana yi. Na je rumfar Hajiya, na kashe mata data da gangan, na ce ta danna. Maballi ya lotsa, ya koma ruwan ɗorawa. Ta kalle shi ta ce to, ya tafi kira, ta ajiye wayar ta ci gaba da auna man kaɗe. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Bayan 'yan kwanaki, da daddare muna cin tuwo Mma ta ce in ga abin da auta ta aiko daga Ankara, wani sabon launi, mata sai yabawa suke. Na ajiye lomar da ke hannuna na ce, “Mma, ni na yi shi.”

Ta dube ni da mamaki, sannan ta yi murmushi ta ce, “Ashe ta koya maka kafin ta tafi.”

Ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na wanke hannu na fita ƙofar gida na zauna da 'yan hira har aka kira Isha'i.

Ƙanwata ta zo Babbar Sallah, ta yi haske, Hausarta ta fara haɗuwa da Turancin ofis. Kafin ta cire takalmi Mma ta miƙa mata waya tana godiya a kan sabon launi. Ta karɓa, ta kashe data, ta danna, ta zuba wa maballin ido. Ta fita da wayar cikin rana ta daɗe, ta dawo ta gaya wa Mma dalla-dalla cewa ba ita ba ce, ba ta ma san an yi ba, kuma ita ba ta taɓa tunanin wannan halin ba. Mma ta ce Allah ya yi muku albarka duka, ta tashi duba nama. Ƙanwata ta juyo wajena ta ce a ofishinsu suna fama da irin wannan matsalar a wata manhaja ta manoma, ko zan yarda ta kai musu wannan. Na ce launi ai ba na kowa ba ne. Na so ta ce rubutun ya yi ƙanƙanta ko wani abu, in sami abin musu, amma ba ta ce ba.

Ta kai musu, ta kuma gaya musu wanda ya yi. Ban san yadda ta matsa ba, amma bayan ɗan lokaci kawun angon nan ya kira ni ya ce suna da aikin da zan iya yi daga Tamale ba sai na taso ba, na gyara fuskar manhajar manoman don ta yi aiki inda netwok ba shi da ƙarfi. Na amsa kafin ya gama bayani. A ƙarshen maganar ya ce duk abin da na yi zai bi ta hannun mai kula da zane kafin a karɓa, kuma yana zaton na san ta.

Haka muke har yau. Ina zaune a Vittin yanzu, na yi aure, na kama ɗaki kusa da tsohon ofishinmu. In na gama shafi sai in tura, ya je wajenta, ya dawo da gyara. Ga sauran ma'aikata Turanci take rubutawa a taƙaice, ni kuwa da Hausa take fara mini, “Yaya, don Allah,” sannan ta ce tokan maballin nan ya yi haske da yawa, ko kuma na manta halin dannawa a shafi na biyu. Mafi yawan lokuta tana da gaskiya. In ba ta da ita nakan rubuta mata dogon bayani, fiye da yadda abin ya cancanta, ita kuma ta amsa da cewa haka ne, ta karɓa. Matata ta ce tana gane ranar da gyara ya dawo daga yadda nake ajiye makullin moto.

A layinmu kuma labarin da ke yawo shi ne auta ta samo wa yayanta aiki a Ankara. Mma ce ke ba da shi, da alfahari, kuma in ina wurin takan dafa kafaɗata tana faɗa. Na daina gyara mata, domin babu abin gyarawa.

Kwanan baya ƙanwata ta turo mini wani aiki nata, ba ta hanyar ofis ba, ta wayata. Maballan wata sabuwar manhaja ce da za ta nuna wa manyansu, ta ce gabanta yana faɗuwa, in duba mata kafin kowa ya gani. Ranar Lahadi ce, ina da niyyar kai moto wanki. Na fasa. Na sa su a wayata, na sa a ta matata, na ari tsohuwar wayar maƙwabcinmu. Na danna kowane, na kulle shi, na kashe data, na kunna, na ƙara girman rubutu har ƙarshe. Na san abin da nake nema, kuma na neme shi da himma har aka kira Azahar. Ban samu ba. Na rubuta mata cewa sun yi kyau, kada ta taɓa komai. Ta amsa da cewa yanzu hankalinta ya kwanta. Na yi alwala na tafi masallaci, daga can na wuce Moshi Zongo, domin Mma ta ce ƙafar kanofi ɗaya ta karye, a kai wa mai walda.